Ɗunɗu Ne, Ba Dargaza Ba

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke ce wa Baba. A Wurno ya cika, cikin ɗakin da wani bawan Allah ya ara mana tun da ɓarayin daji suka tashi ƙauyenmu na wajen Kagara. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika da babura. Mutanen ƙauyen da suka watse, wasu Goronyo, wasu Lahodu, wasu Rabah, ranar suka sake zama kan tabarma ɗaya, kowa na duban ɗan'uwansa yana ganin yadda ya tsufa.

Tsofaffin maharba sun ware gefe guda a gindin dogon yaro. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa masu gaisuwa daga yau in bakansa ya karye sai dai ya sa shi a murhu, don babu sauran wanda zai kai wa. A cikin gida mata na ta salati. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Tsintsiya ta ɗauka tana share ɗakin da aka riga aka share, duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta amsa da cewa ba ciwo ne ya kashe yayanta ba. Sai da Liman ya aiko daga waje a ce mata ta yi istigfari, ajali ne. Ta yi, ta ci gaba da shararta. Mahaifina ma ya zo daga Rabah. Sun daɗe ba sa shiri da Baba a kaina, amma ranar na hango shi ya rufe fuska da bakin rawani, kafaɗunsa na motsi.

Wanda ya haƙa kabarin aminin maigidana ne, maƙwabcinmu tun a ƙauye. Ya karɓe diga ya hana kowa taɓawa, alhali jikinsa bai gama murmurewa ba. Wannan mutumin mun taɓa yi masa zaman makoki yana da ransa, kuma bisa maganar Baba muka yi. Abin da Gwaggo ke nufi ke nan.

Ni suruka ce. Ba ni ya kamata in ba da labarin Baba ba, ɗansa ya kamata. Ɗan ba ya nan. Jikokinsa ƙanana ne, in sun girma ba za su tuna komai ba sai makahon tsoho mai tari a bakin ɗaki. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ina tsoron kada abin da na gani ya bi ni ƙasa.

Baba maharbi ne, amma da sassaƙar baka aka fi saninsa. Lokacin da aka kawo ni gidan daga Rabah ya riga ya rage shiga daji, domin namun dajin ma sun ƙare, sai zomo da zabi. Abin da ya fara ba ni mamaki da shi shi ne hannunsa ba ya wuce itace bai taɓa ba. Zai shiga gidan mutane gaisuwa, kafin a gama ina gajiya hannunsa na kan dirkar rumfa yana shafawa. Turmi, kujerar mata, ƙotar fartanya, duk sai ya ce a miƙo ya ji. Haka yake faɗa, "Miƙo in ji," ba ya cewa in gani, tun ma idonsa na da lafiya. In na sayo itacen girki sai ya aiko Gwaggo ta zare sanda ɗaya ko biyu daga cikin damin, wai wannan ba na wuta ba ne, wanda ya sare shi bai san abin da ya sara ba. Na sha yin fushi a ɓoye, tuwo na jira ga itace ya ragu. Bayan 'yan kwanaki sai in ga sabuwar muciya jingine a bakin madafi, ba wanda ya ce mini komai.

Sai an gama girbi yake saran itacen baka, lokacin da ruwan jikin bishiya ya ja baya. Ya soke sandunan a rufin madafi su sha hayaƙi har wata kakar, sannan ya fere, ya gasa a hankali yana lanƙwasawa a gwiwa, ya shafe da man shanu, ya ɗaura tsarkiyar fata. In ya gama duk bakunan baƙi suke zama, sumul, mu a wurinmu duk ɗaya ne. Shi kuwa ya san kowanne da bishiyar da ya fito da kuma wanda ya yi wa. Mafi yawa da dargaza yake yi, saboda tana da laushin ja, tana lanƙwasa ta komo. Mai sanyin hali ne, amma in ya tarar an bar baka da tsarkiya a ɗaure an tafi hira, ranar har maƙwabta sai sun ji muryarsa.

Yanar ido ta riƙa rufe masa gani a hankali. Shekarar da abin ya same mu, inuwar mutum kawai yake gani.

Da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Ɓarayin suka shigo da rana tsaka suka kore shanun huɗar ƙauyen, suka tafi da mata biyu da suka tarar a bakin rijiya. Washegari da safe maza suka taru za su bi sawu, wasu da bindigar toka, wasu da baka. Maigidana ya shigo ɗaukar nasa, ya tarar Baba ya riga shi, ya zauna a ƙofar ɗaki ya ɗora bakan a cinya ya riƙe da hannu biyu. Ina madafi ina jin su. Baba ya ce shi don nama ya sassaƙa wannan abu, bai sassaƙa shi don a tari mai bindigar da ke zubo harsashi kamar ruwa ba. Maigidana ya ce ɗaya daga cikin matan nan da ciki take, da wane ido zai dubi mijinta in ya zauna a gida. Suka yi ta ja. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. Daga ƙarshe ya durƙusa, ya ɓamɓare yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya, ya zare bakan.

Baba ya ce, "In kat tahi, ba da yawuna ba."

Ya tafi. Ko ni bai tsaya ya yi wa sallama ba, don kada in ƙara masa nauyi.

An yi arangama a bakin wani rafi can cikin daji. Waɗanda suka tsira suka dawo a warwatse, daga baya aka samo gawar wasu aka yi musu sutura. Mutum biyu ne ba a gani ba, ba a raye ba, ba a mace ba: maigidana da amininsa. Ba wanda ya kira waya ya ce suna hannunsa. Ba a yi wata guda ba ɓarayin suka dawo suka ƙone rumbuna, muka kwashi abin da za mu iya muka yo Wurno, mu da iyalin aminin nasa, aka sauke mu gida ɗaya, katangar zana ce kawai tsakaninmu.

Tun daga lokacin Baba bai sake cin abinci ya ƙoshi ba. Kullum yana bakin hanya kan buzunsa, in ya ji babur ya rage gudu sai ya miƙe.

Bayan girbi wani masunci ya kawo guntun baka. Ya ce a bakin rafin nan ya tsince shi, wutar daji ta cinye rabi, kusa da shi akwai ƙasusuwa da bai tsaya dubawa ba don tsoro. An san mutum biyu kaɗai ba a samu ba, kuma kowannensu da baka ya fita. Ko na wane ne, ƙasusuwan nasa ne. Aka taru a zaure, Liman da dattawa, mu mata muna bayan zana, ni da matar aminin da mahaifiyarsa, tsohuwa mai hawan jini. Ni da matar nan tare muke daka, tare muke zuwa famfo, amma ranar ba wadda ta iya duban wata. Kowace ta san abin da take roƙon Allah, kuma ta san abin da roƙon yake nufi ga 'yar'uwarta.

Aka miƙa wa Baba guntun. Ta hudar zana nake kallonsa. Ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya bi shi da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya tsaya a wasu wurare ya sake komawa. Ya ciro wuƙarsa ya kankare baƙin har ya kai cikin itacen, ya tambayi Liman wane launi ya gani, Liman ya ce bakin-bakin fari ne, tsakiyar kuwa ja ne mai duhu. Ya yanki ɗan siriri ya tauna. Ya sa aka kawo garwashi ya ɗora wani ya sunkuya yana shaƙar hayaƙin. Sannan ya sake yin duka daga farko, har wuƙar ta yanke shi bai ji ba.

Ya ce, "Wanga ɗunɗu na, ba dargaza ta ba. Ga gurbin ƙaya nan inda nif fere. Baka guda niy yi da ɗunɗu cikin shekarun ga, kuma ba ɗana niy yi ma shi ba."

Kowa ya san wanda ya yi wa. Aminin maigidana ƙato ne mai dogon hannu, dargaza ba ta isarsa, shi ya sa Baba ya nemo masa itace mai tauri. Tsohuwar da ke gefena ta zame ta kwanta a ƙasa ba tare da ta yi sauti ba. Ni kuwa, Allah ya gani, hamdala ce ta fara fitowa daga bakina.

Aka yi masa sallar gawar da ba ta nan, aka yi sadakar uku da ta bakwai. Matarsa ta shiga takaba, da ta fita danginta suka zo suka tafi da ita Rabah. Mahaifiyarsa ba ta sake tashi da ƙafarta ba. Baba ne ya riƙa zama a bakin ɗakinta da rana yana kore mata ƙuda da mafici, kuma duk abin da aka zuba masa a kwano sai ya raba biyu ya ce a kai wa marayu. Na taɓa jin ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce da zai iya mayar da itacen nan dargaza don ta samu sauƙi, da bai san ko zai yi ba, amma ba zai yi mata ƙarya ba. Ta rasu kafin damina ta zagayo.

Mu kuma muka zauna jira. Baba ya ce tunda ba bakan ɗansa ba ne, ɗansa na hannun mutanen, wata rana za su sako shi. Ya hana a raba kayansa, ya hana a ce marigayi. Da aka shekara mahaifina ya zo ya ce ba zai bar 'yarsa ta tsufa tsakanin aure da zawarci ba, za a je gaban alƙali a warware. Suka yi cacar baki a zaure har Liman ya shiga tsakani. Mahaifina ya ce ana tsare masa 'ya da guntun itace. Baba ya ce guntun itacen ya fi shaidar mutum goma. Mahaifina ya tashi ya hau babur ko ruwa bai sha ba.

Da la'asar ranar Baba ya sa Gwaggo ta kira ni. Na durƙusa daga nesa. Ya juya fuska ga bango, kamar yadda yake yi in zai yi mini magana.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ka jiran ɗana, ba dole ke ki jira shi ba. In kina son tahiya, ni da kaina za ni gaban alƙali in roƙa miki. Ba ni riƙe ki da zuciya."

Na ce ina nan. Ba don ƙarfin hali na faɗa ba. Na ga yadda ya taɓa itacen nan, na yarda da hannunsa fiye da yadda na yarda da idona. Har lalle na riƙa sawa in salla ta zo, ina cewa kada ya dawo ya same ni a yamutse.

A kakar da ta wuce, wata ranar kasuwa, ina tankaɗe a tsakar gida na ji hayaniya a waje, yara na gudu. Wani mutum ne ya shigo zaure, dogo, ƙashi da fata, gashi ya cukurkuɗe, sawun sarƙa a idon sawunsa. Na saki rariya na fito ba ko mayafi, domin na ɗauka maigidana ne. Amininsa ne. Wanda muka yi wa sallah.

Baba ya gane shi da murya. Ya miƙe ya lalubo fuskarsa ya shafa, yana ta ambaton Allah. Sannan ya tambaye shi ina ɗan'uwansa, a ina ya baro shi, yaushe za su sako shi. Mutumin ya durƙusa ya kama ƙafafun Baba. Ya ce ranar da suka fita kafaɗarsa na ciwo, buhun albasa ya taɓa gurɗa masa ita, da suka yi nisa ya gwada jan bakansa ya kasa.

Ya ce, "Ɗanka yac ce in ba shi nawa in amshi nashi, nashi ya hi laushi. Baba, musanya munka yi."

Ya ce a bakin rafin yana gani harsashi ya sami maigidana a ƙirji, ya faɗi da bakan ɗunɗun a hannu, bai sake motsi ba. Shi kuma aka ɗaure shi aka ja shi, aka yi ta sa shi aikin ɗebo ruwa da kiwo har Allah ya ba shi hanyar gudu. Bai gama ba ya ɗaga kai ya dubi ɗakin da ke bayan zana ya tambayi ina innarsa.

Baba ne ya ba shi amsa. Ya ce ta rasu, ta rasu tana kukan ɗan da ke da rai, kuma shi ya gaya mata ya mutu.

Liman ya yi ta gaya wa Baba cewa bai yi ƙarya ba, itacen ɗunɗu ne kamar yadda ya faɗa, abin da ya ɓoye masa Allah ne ya ɓoye. Mutumin da kansa ya rantse bai riƙe shi da komai ba. Baba bai ji ko ɗaya ba. Ni kuma da na tambayi yadda zan yi takaba, aka ce mini kwanakinta sun wuce tuntuni, tun ina sa lalle. Ko wannan ban samu na yi wa mijina ba.

Daga ranar Baba abu ɗaya ya sa a gaba: a kai shi bakin rafin ya tattara ƙashin ɗansa ya rufe. Ya roƙi maharba, suka ce ko tsuntsu ba ya ratsa dajin nan yanzu. Ya roƙi masu babur, suka ce suna da 'ya'ya. Ya sa aka kai shi wurin masu gari, suka ba shi haƙuri. Masuncin da ya kawo guntun an neme shi an rasa. Sau da yawa muna waiwayawa mu ga buzu ba kowa, sai a tsinto shi a kan hanyar Goronyo da sanda da ƙyallen likkafani a kafaɗa, yana tambayar masu wucewa ina gabas. Wata rana ni na cim masa. Ban taɓa taɓa jikinsa ba tunda aka kawo ni gidan, ranar na riƙe masa hannu da ƙarfi ina ja yana turjewa, mutane na kallo. Yana cewa ya ce wa yaron ba da yawunsa ba, yana so ya je ya janye, ko ƙashi ne zai ji. Ina kuka yana kuka muka dawo.

Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa ya kwanta. Ya daina karɓar tuwo, sai kunu cokali kaɗan. Ana saura 'yan kwanaki ya cika, da safe, ya sa aka kira masa aminin ɗansa, ya ce ni ma in matso. Ya ce mutumin ya gaya masa bishiyoyin da ke bakin rafin nan, kada ya bar ko ɗaya. Mutumin ya rufe ido yana tunowa. Ya ce akwai kanya babba da ta karkata kan ruwa, gindinta da kogo. Akwai marke biyu a bayanta, ɗaya tsawa ta tsage shi. Daga hagu sarƙaƙiyar geza ce har bakin wani dutse mai faɗi. Baba ya tambaya ko rafin ya yi gwiwa a wurin ya juya arewa. Ya ce haka ne.

Baba ya ce ya san wurin, yana saurayi ya sha kwana a kogon kanyar nan yana dakon gada. Ya ce daga tsohuwar rijiyar ƙauyenmu a bi hanyar shanu gabas har a wuce fadama, in an ga jan tudu a bar shi a dama, a bi ruwa sama. Ya sa na maimaita. Na yi kuskure a wurin tudun, ya gyara mini, na sake.

Ya ce, "Ran da daji yab buɗe, ku tahi. Ko ƙashi guda kunka iske, ku ruhe shi. Ku ce mai na yahe, na sa albarka."

Dajin bai buɗe ba. Aminin maigidana ya je Rabah ya dawo da matarsa, kuma yana shirin tafiya kudu neman abin da zai ciyar da yara, ban ga laifinsa ba. Gwaggo ta tsufa. Maharban da suka san hanyoyin nan kowace shekara ana rage ɗaya. Ni mace ce da yara ƙanana a garin da ba nawa ba, ban san ko zan ga ranar ba, kuma an sha ruwan damina a kan wurin, ban san abin da rafi ya bari ba.

Saboda haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, masunci ne, makiyayi ne, soja ne, ko ma ɗaya daga cikin waɗanda ke zaune a dajin in akwai sauran tsoron Allah a zuciyarsa. In ka iske kanya mai kogo da ta karkata kan ruwa, da marke biyu a bayanta, ɗaya a tsage, ka duba tsakaninta da dutsen. Akwai ɗan wani tsoho a nan kwance a fili. Ka tona ko da kamu ɗaya ne ka rufe shi, ka fuskantar da shi gabas, ka gaya masa mahaifinsa ya yafe.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka masa kabarinsa, ya haɗa shi da ɗansa a inda ba sai ya lalube shi ba.